Rumbunan Isyaku Mai Zane

Har yau, idan na ga mace ta ɗaura atamfar nan mai ganyen rama da ɗigon ruwan ɗorawa, raina ɓaci yake yi. Ba da matar nake fushi ba, me ta yi mini? Abin da ya sa, na san wanda ya zana ganyen nan. Na san ranar da ya zana shi, kuma ni na haɗa masa koren da hannuna, sau shida yana mayar mini da shi wai ya yi duhu. Sunansa Isyaku. Ko sau goma ka juya zanen ba za ka ga sunansa a gefe ba. Wanda ake sayarwa yanzu ma ba namu ba ne, kwaikwayo ne daga waje, ganyen ya kumbura kamar na kabewa.

Ni sunana Tijjani. Shekara goma sha tara na yi ina haɗa launi a wata masaƙa a Challawa. Ba zan ambaci sunanta ba, ba ta ci wannan darajar a wurina ba, kuma yanzu awaki ne ke kiwo a harabarta. A can na san Isyaku, ya girme ni da shekara biyar, Malam nake ce masa.

Isyaku ɗan Challawa ne na asali, ba irinmu da aiki ya kawo ba. Gonar mahaifinsa tana cikin filayen da aka yanka aka ba masana'antu lokacin yana saurayi. Idan muka fita cin abinci muka bi ta bayan boila, wato tukunyar tururin masaƙa, sai ya buga ƙafa a kan siminti ya ce a nan rumbun babansa yake, can inda ake fakin manyan motoci kuma nan ne ake shuka rama. Bai taɓa faɗin haka da kuka ba, faɗa kawai yake yi kamar mai nuna maka hanya. Ni ne nake jin haushin a madadinsa.

Da tsintsiya ya shiga masaƙar a 1981. Ɗakin zane aka ba shi ya riƙa sharewa, shi kuma sai ya riƙa tsince takardun da aka yar yana zane a bayansu. Shugaban ɗakin, wani Ba'indiye mai yawan tari, ya kama shi wata rana, maimakon ya kore shi sai ya ba shi tebur. Daga nan Isyaku bai sake ɗaga kai ba. Siriri ne, ga nawa, ga taurin kai. Ba ya zubar da komai. Yana da gwangwanin madara cike da guntayen fensir waɗanda ko ɗan yatsa ba su kai ba, in ka taɓa sai ku yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwarka da kyau. Nakan tsokane shi in ce ranar da ya mutu sai an yi hayar tifa kafin a kwashe tarkacensa. Yakan ce, "Kai dai haɗa mini kore, Tijjani. Kore na ce, ba miyar kuka ba."

A 2001 aka kawo kwamfuta biyu ɗakin zane, aka ɗauki wata ma'aikaciya mai suna Esta, 'yar Zonkwa da ke zaune a Panshekara, don ta kula da su. Wata takwas ita da Isyaku suka yi suna ɗaukar hoton tsofaffin zanuka suna zubawa a ciki, takarda bayan takarda, tun daga na farkon da ya yi yana ɗan shara. Isyaku da ko rediyo ba ya son taɓawa ya koyi riƙe linzamin kwamfuta yana da shekara arba'in da uku. Suna gamawa, manaja ya ce tunda komai ya shiga inji, takardun sun zama cunkoso, ana bukatar sito. Aka kwashe su a baro aka ƙone a bayan boila. Isyaku ya tsaya yana kallon hayaƙin, ya ce ba komai, ai suna cikin kwamfuta.

Shekara ba ta zagayo ba kwamfutar ta cika, ta fara nauyi. Aka kira mai gyara daga cikin gari ranar wata Asabar da ba ma aiki. Mai gyara ya tambayi manaja me za a rage, manaja ya ce a goge duk abin da ba a bugawa yanzu. Zane ɗari uku da 'yan kai suka tafi kafin azahar. Ran Litinin Isyaku ya buɗe ya tarar da wayam. Ina nan a tsaye da bokitin rini a hannuna lokacin da ya je ya sami manajan.

"Ranka ya daɗe, na shekarun farko babu su. Takardun kuma kun ƙone."

"To, Isyaku, wa ke sayen yayin 1985 yanzu? Mu kasuwa muke yi, ba gidan tarihi muka buɗe ba."

"Ragowar fa? Idan ta sake cika?"

"A sake gogewa mana. In shara kake son kwasa, kwashi abinka, ba wanda ya hana ka."

Mutumin nan ko da'ira ba zai iya zanawa ba sai an kifa masa kofi. Wallahi da ni aka faɗa wa haka, da bokitin nan ya ƙare a kan farar rigarsa. Isyaku kuwa juyawa ya yi. Ya koma ɗaki ya zauna, Esta ta ce har aka tashi bai taɓa fensir ba. Saura zane dubu da ɗari biyu a cikin injin, kuma ya gane ba wanda ya damu da su a duniya sai shi.

Esta ce ta nuna masa mafita. Ta kwance murfin kwamfutar ta nuna masa wani ƙarfe mai nauyi, tsawonsa kamar tafin hannu, ta ce had-dis ake ce masa, a cikinsa komai yake kwana. Ta ce ana iya ɗaura wani a gefensa a juye masa kaya, a cire a ajiye, kuma ba dole sai sabo ba. Ya gwada faifan sidi kafin nan, zafi ya sa wasu suka ɓare, wasu suka karce, ya daina yarda da su. Wannan ƙarfen kuwa ya juya shi a hannu, ya ji nauyinsa, ya ce, "Wato rumbu ne." Daga ranar bai sake kiransa da wani suna ba, mu ma muka bi shi.

Lokacin kamfanoni sun fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya a Bompai da Sharada. Wuta babu, baƙin mai ya yi tsada, kayan waje sun cika kasuwa. Duk kamfanin da ya rufe, 'yan gwangwan ne ke yi masa wankan gawa, su saye tebur da fanka da kwamfuta a kan sikeli. Akwai wani Labaran mai rumfar gwangwan a Sharada, ƙato mai fara'a, shi Isyaku ya riƙa zuwa wa duk Asabar. Labaran yakan ware masa rumbunan kafin a fasa su. Isyaku ya kawo su ɗakin zane, ya ɗaura ɗaya, ya kara kunne a jikin kwamfutar ya rufe ido. Idan ya ji shuuu a hankali, mai rai ne. Idan ya ji ƙas, ƙas, ƙas, sai ya girgiza kai ya ce wannan ya riga mu gidan gaskiya. A cikin goma da ƙyar uku ke tashi, sauran ya mayar wa Labaran.

Masu ran ma yawanci da kayan mutane a ciki, wasiƙun ofis, hotunan biki, sunayen ma'aikata. Na sha roƙonsa ya bari mu leƙa, ko don dariya. Bai taɓa yarda ba. Yakan ce masu su ba su ba shi izini ba, ya goge komai ba tare da ya buɗe ko ɗaya ba, sannan ya zuba nasa.

Wata rana wani rumbu da ya cika da zanukan shekara biyu ya fara ƙas-ƙas a hannunsa. Allah ya taimaka ba a riga an goge na cikin kwamfuta ba. Esta ta zaunar da shi kamar ɗan makaranta.

"Malam Isyaku, tsofaffin ƙarafa ne fa, kowane lokaci za su iya mutuwa. Komai ka zuba shi a guda biyu. Kuma don Allah kada ka ajiye biyun a ɗaki ɗaya."

Ya ɗauki rabin maganar nan ya riƙe gam. Kowane rumbu ya yi masa ɗan'uwa, yana kiransu tagwaye. Ɗaya rabin maganar, na raba musu ɗaki, shi ne ya ce sai a hankali.

Yadda yake gane su kuwa, wannan sai Isyaku. Kowa zai manna takarda ya rubuta suna, shi ya ce takarda tana ɓarewa, tawada tana dushewa. Duk zanen da aka buga, akan ba ɗakinsu ƙyallen samfur kamar rabin yadi. Sai ya ɗauki ƙyallen zanen farko da ke cikin rumbu, ya tsaga shi biyu, ya naɗe rumbun da rabi, ɗan'uwansa da ɗaya rabin, ya ɗaure da zare. Da ya hango ƙyalle ya san abin da ke ciki da shekarun da aka yi su. Mai ganyen rama, mai makulli, mai idon zabuwa, mai tsani. Ƙyallen kuma yana kare su daga danshi da bugu. Kafin 2006 ya tara arba'in da huɗu, tagwaye ashirin da biyu, ya jera su a akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa a Panshekara.

A nan ina da fushi da shi kansa, Allah ya ji ƙansa. Bai taɓa zaunar da kowa a gidan nan ya faɗa masa abin da ke cikin akwatin ba. Matarsa Rabi ta tambaye shi sau ɗaya, ya ce kayan aiki ne. Kayan aiki! Mace mai hankali, wadda ta yi shekara ashirin da biyar tana wanke masa riguna masu tabon tawada, minti biyar bai iya ba ta ba ya ce, Rabi, duk abin da na yi a duniya yana cikin ƙarafan nan. Yana ganin magana ce ta masaƙa, ba ta gida ba.

A watan Fabrairun 2007 muka zo aiki muka tarar da kwaɗo a get da takarda a manne. Ba wanda ya fito ya dube mu ya yi mana magana, maigadi aka bari da mu. Bayan wata biyu aka sayar da kayan ofis, kwamfutocin ɗakin zane suka ƙare a rumfar Labaran kamar na kowa. Esta ta tattara ta koma Zonkwa. Ni na samu aiki a wani kamfanin roba a Bompai, inda ake yin buta da bokiti, mutumin da ya haɗa kore kala goma sha ɗaya ya koma zuba shuɗi da ja daga buhu. Isyaku bai samu komai ba. Amma ya sayi wata tsohuwar kwamfuta a wurin Labaran ya kai gida, duk wata idan an kawo wuta sai ya ɗaura rumbunan ɗaya bayan ɗaya, wai yana motsa musu jini.

"Wata rana za a kunna injin, Tijjani," yakan ce. "Ko a nan, ko a Kaduna, ko ba da raina ba. Ranar da aka kunna, me za a buga? Ganyen kabewa?"

Da damina ta sauka, rufin ɗakinsa ya yi yoyo, ruwa ya kwanta har gindin akwatin. Bai shiga ba, amma Isyaku ya tsorata. Sai a lokacin ya tuna ragowar maganar Esta. Ya same ni ya ce in ɗauki ɗaya daga kowace tagwaye in kai gidana a Dakata, can wani gefen gari, yadda ko gobara ko ruwa ba za su haɗa su ba. Bai yarda a ɗora su a acaɓa ba saboda ramukan hanya, ni kuma na cika baki na ce direban kamfaninmu abokina ne, zai kawo ni da a-kori-kura.

Wata bakwai ina ce masa sati mai zuwa. Yau direba ya yi tafiya, gobe an ba mu ƙarin aiki, jibi ɗakina ya yi ƙanƙanta, ina zan sa kwali? Gaskiyar ita ce Panshekara ta yi mini nisa, kuma a raina ina ganin abin nasa ya fara zama tabuwa. Masaƙun da suka mutu, wa zai tashe su? Ban taɓa faɗa masa haka ba, na dai riƙa cewa to.

Wata Juma'a a watan Maris na 2008, bayan an sauko daga masallaci, na tarar da shi a bakin get ɗin kamfaninmu a Bompai, ya yi mota biyu kafin ya iso. Ya ce gobe da sassafe zai tafi Kaduna, an yi masa hanyar wani mai buga yadi da ke neman mai zane.

"Na riga na raba su. Naka suna cikin kwalin sabulu a bayan ƙofa, na gaya wa Rabi kai za a ba. Tijjani, kada in dawo in same su."

"Haba Malam. Gobe da hantsi ina gidanka, in Allah ya yarda. Ka ɗauka an gama."

Ya kama hannuna ya riƙe, ya ce yau zai yi barci. Washegari na tafi ɗaurin auren wani abokin aiki a Kawaji, aka kawo shinkafa, hira ta yi daɗi, na ce gobe Lahadi ma rana ce. A daidai lokacin da nake tsotsar ƙashi, Isyaku ya yanke jiki ya faɗi a tashar mota a Kaduna.

Ran Lahadi aka kawo shi asibiti a Kano. Ɓarin dama ya shanye, hannun da yake zane da shi ya zama kamar ba nasa ba, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Sati uku ya yi a kwance, Rabi tana gefensa ba ta leƙa gida ba. Ni kuma kusan duk bayan kwana biyu ina can da lemo da ayaba, ina nuna ni aboki ne na ƙwarai. Kwalin kuwa ko sau ɗaya ban je ɗauka ba. Na ce a raina, suna ɗaki a kulle, me zai same su?

Abin da zai same su shi ne Idi. Idi yayan Isyaku ne, manomi mai sayar da albasa, irin mutanen nan da in ba su ba da umarni ba a wuri sai su ji kamar ba a san sun zo ba. Likita ya ce idan an sallami majinyaci a shimfiɗa masa katifa a ƙasa, a ba shi fili da iska. Idi ya karɓi makulli a hannun Rabi ya ce ta bar masa komai. Shi da matarsa Sauda suka shiga ɗakin ranar Litinin, suka fitar da gado, suka jawo akwati, suka ga kwali a bayan ƙofa. Sauda ta ga ƙyallaye masu kyau sun yi ƙura suna warin ajiya, an ƙunshe wasu ƙarafa da su. Ta zauna ta kwance duka arba'in da huɗun, ta jiƙa a omo. Idi ya leƙa waje ya kira mai kurar bola-jari da ke wucewa.

Ranar Alhamis da za a sallamo shi na je gidan da safe don in taya shiri. Ina shiga tsakar gida na ga igiyar shanya. Mai ganyen rama biyu gefe da gefe. Mai makulli biyu. Mai idon zabuwa biyu. Nan take na gane su. Rabi ma shigowarta ke nan daga asibiti, tana tsaye da kwanon abinci tana kallon igiyar, tana kallona.

"Yaya Idi, ina abin da ke cikin ƙyallayen nan?"

"Waɗanne? Au, ƙarafan? Na rabu da su tun Litinin. Tarkace ne, ko kuɗin kirki ba su yi ba."

"Har na cikin kwalin?"

"Duka mana. Amma kada ka damu, ni ba mahaukaci ba ne, injin ɗin na ajiye masa." Ya nuna mini tsohuwar kwamfutar a kan tebur a rumfa, an goge ta tas, an lulluɓe ta da mayafi. Fanko ce, babu komai a cikinta.

Ban san lokacin da na fara ihu ba. Na ce kun sayar da shekara ashirin da shida na ran ƙaninku a kan sikeli. Na ce manajan da ya ƙone takardu ma ya fi ku, shi aƙalla ya san abin da yake ƙonawa. Na faɗi maganganun da ba a faɗa wa babba a gidansu. Sauda ta fashe da kuka tana cewa ita gyara ta yi, wallahi gyara ta yi. Idi ya bari na gama, sannan ya ce, "To kai da ka san darajarsu, sati uku kana ina?"

Na juya masa baya. Na fita na tari acaɓa zuwa Sharada, tunda duk mai kura a yankin nan wurin Labaran yake juyewa.

Labaran yana ganina ya taso da fara'arsa yana tambayar jikin Malam. Na faɗa masa. Fara'ar ta ɗauke. Ya ce tabbas an kawo wasu ranar Litinin da yamma, a buhu, da yawa. Ya ja ni bayan rumfa. Ga su nan a tsibi, an kwance su tun Talata. Kwanson alminiyam gefe guda ana jiran mota. Maganaɗisun ciki a wani gwangwani. Faya-fayan kuwa, masu ƙyallin nan da komai ke rubuce a kansu, 'yan acaɓa sun saye yawancinsu, suna ratayawa a babur don ado. Saura uku a ƙasa, an taka su, duk sun karce.

"Tijjani, tsirara aka kawo su," in ji Labaran. "Babu ƙyalle ko ɗaya. Da da ƙyallen nan a jikinsu, wallahi daga bakin titi zan gane na Malam ne, ko guduma ba za ta kusance su ba. Ni da hannuna na ware masa su ɗaya bayan ɗaya."

Na ɗauki faifai ɗaya na goge da hannun riga. Ba abin da ke ciki da ido zai gani sai fuskata, na jefar da shi.

Bayan la'asar na koma Panshekara. An riga an kawo Isyaku. Rabi ta tare ni a zaure, ta dubi hannuna ta ga babu komai, ba ta tambaye ni ba. Ta ce Idi da bakinsa ya gaya masa an rabu da ƙarafan akwati, Isyaku ya yi wani irin gurnani da ba ta taɓa ji ba, hawaye suka yi ta zuba. Can kuma sai ya fara kallon ƙofa. Sannan ta jawo kwalin sabulun nan daga bayan tabarma ta miƙo mini. Kafin a shigo da shi ta sauke rabin ƙyallayen daga igiya, ɗaya daga kowane biyu, ta ninke ta zuba a ciki.

"Ashirin da biyu ya gani, ba arba'in da huɗu ba," ta ce. "Wannan kai ya ce a ba. Ka tafi da shi idan ka fito, kada ka bar mini shi a gida."

Na shiga. Yana kwance a katifa a ƙasa, a daidai inda akwatin yake a da, an jera masa ƙyallayen a gefen matashi, a goge, suna ƙamshin sabulu. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ɗaga hannun hagu da ƙyar, ya miƙe yatsu biyu, ya lanƙwashe ɗaya, ya nuna ni da wanda ya rage. Idonsa a kaina.

Na gyaɗa kai. Na ce, "Suna Dakata, Malam. Tun ranar Asabar ɗin."

Ya sauke hannun, ya lumshe ido, gefen bakinsa mai rai ya ɗan motsa. Rabi tana bakin ƙofa, ta juya ta fita.

Wata goma sha ɗaya ya yi bayan nan. Duk zuwan da na yi, kuma ban sake fashin ko sati ɗaya ba, yanzu da zuwan ba ya da amfani, sai ya ɗaga yatsun nan biyu, ni kuma in gyaɗa kai. Wani lokaci ya juya yatsa a iska, wato ina motsa musu jini? In ce duk wata, Malam, ba wanda ya yi ƙas-ƙas. Ya rasu a farkon 2009, ranar wata Laraba da hantsi, da ƙyallen ganyen rama a ƙarƙashin hannunsa.

Ina jin haushin manajan nan har gobe. Ina jin haushin waɗanda suka sa mana kwaɗo a get, da Idi da bakinsa, da Isyaku da shirunsa. Amma duk idan na gama zagaye, kaina nake dawowa, a kan farantin shinkafa a Kawaji. Kwalin yana ɗakina a Dakata, a saman kabad, da ƙyalle ashirin da biyu a ciki. Wata bakwai ina ce wa mutumin nan ba ni da wurin sa shi. Ranar da na kawo shi, ko kujera ban matsar ba.